Tsibirinmu na Gwangwani

Ran nan jikata ta juye madarar gari a kwalba, ta ɗauki gwangwanin, babba, mai murfi, ko lotsawa bai yi ba, ta jefa shi a kwandon shara. Na ji ƙarar faɗuwarsa har cikin haƙorana. Na ce ta ciro mini shi. Ta dube ni da irin kallon da yaran yanzu suke yi wa tsoho in ya fara abin da ba su gane ba, ta ce, "Ya Sitti, halas, babu komai a ciki." Hausarta ke nan, tana ji sarai, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta fitowa. Na ce ai don babu komai a ciki nake son sa. Ta ciro, ta wanke, ta ajiye mini shi a bakin taga kusa da 'yan'uwansa waɗanda har yau ban samo musu aiki ba. Ubanta, ɗana, ya ce in na ci gaba a haka sai mun kama wa gwangwanaye hayar gidansu daban. Shi a ɗakin bulo ya yi rarrafe, ni kuwa gwangwani ne ya rufa mini asiri tun ranar da na zo duniya.

Unguwar da aka haife ni tana can ƙarshen Nuzla, inda Jidda take ƙarewa ƙasar gishiri ta fara. Wani ɗan tudu ne mai gidaje kaɗan, duk bangonsu na gwangwanayen da aka fasa aka miƙar da guduma aka kafa a jikin katakon akwatuna. Ruwan sama ba ya zuwa sai sau ɗaya ko biyu a shekara, amma in ya zo sai ya kewaye tudun nan ya zauna, mu yi kwanaki ba mai shiga ba mai fita sai wanda ya naɗe wando har cinya. Ko da rani ma ƙasar da ke kewaye da mu tana da ha'inci, samanta busasshe fari fat, ƙarƙashinta caɓi. Motar shara ba ta san hanyarmu ba, famfo ma haka. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta raɗa wa wurin suna Tsibiri, sunan kuwa ya bi shi, har Yamalawan da ke cikinmu suka koyi faɗarsa da karyayyen harshe.

Kaka tana da hujjar raɗa sunan, don ita a tsibiri na gaske aka haife ta, a tafkin Chadi, cikin masunta. Daga can suka taso da ƙafa ita da mijinta da Baba yana goye, suka yi shekaru a hanya, mijin ya rasu a Sudan, ita ta ƙetaro teku da ɗanta. 'Yar ƙaramar mace ce, ƙafafunta kamar muciya, muryarta kuwa ta ishi unguwa. Ba ta taɓa yarda cewa akwai abin da ake kira shara ba. In ta ga mutum zai jefar da abu sai ta tsayar da shi ta ce, "Jefawa ina? Mu a garinmu in ka jefa abu da safe, da la'asar ruwa ya dawo maka da shi bakin ƙofa. Nemo masa aiki." Wannan "nemo masa aiki" na ji shi ya fi sau dubu. Ta faɗa wa gwangwani, ta faɗa wa tsumma, ta faɗa wa wani ƙanen Umma da ya zo aikin hajji ya maƙale a gidanmu yana barci har hantsi.

Babban gwangwanin man shanu, wanda muke ce wa tanaka, shi ne sarkin kayan gidanmu, kuma rayuwarsa doguwa ce. In man ya ƙare sai a wanke shi da toka da ruwan zafi ya zama na ɗebo ruwa. In ya fara yoyo a kai wa mai walda ya toshe. In ya sake yoyo a zuba masa ƙasa a shuka ɗoɗɗoya ko tattasai. In tsatsa ta ci gindinsa a huda gefensa ya zama murhun gawayi, in wuta ta gama da shi a fasa shi a miƙar, ya tafi bango ko rufi inda zai ƙare kwanansa yana tare mana rana. Ƙananan na tumatir su ne ludayinmu da ma'aunin gyaɗa da fitilar aci-balbal. Busasshen burodi ba ya taɓa ƙasa, a kan rufi muke shanya shi, mai kyau a jiƙa da romo, wanda ya fara fumfuna awaki su samu. Ƙwallon dabino a jiƙa shi kwana da kwanaki a daka wa awakin nan dai. Haramin da alhazai suka bari ya zama tawul da zanen goyo. Tsohuwar taya takalmi ce da guga. Ruwa kuwa, wanda wani Bayamale mai ga-ruwa yake kawo mana a kafaɗa, sai ya yi aiki uku kafin a sallame shi: a wanke jiki da shi a kwatarniya, a wanke tufa, sannan a yayyafa a tsakar gida ya kwantar da ƙura. Yanzu ina zaune a hawa na huɗu, in na murɗa famfo ruwa ya zubo ya wuce ta rami, har yau sai in ji kamar in bi shi in ba shi haƙuri.

Abin da na fi kewa shi ne ƙarar wurin. Da asuba jiniyar jirgin ruwa daga tasha, inda Baba yake dako, sai kukan sandar mai ga-ruwa da tanakoki biyu suna lilo a kafaɗarsa, sai guduma. Kullum akwai wanda yake miƙar da gwangwani a Tsibiri, kuma kowa da bugunsa, ina kwance zan gaya maka gidan da ake yi. Da rana in zafi ya kai zafi bangon ɗaki yakan yi ƙas-ƙas shi kaɗai, Kaka ta ce miƙa yake yi. In aka yi ruwan sama kuwa ba mai jin maganar wani, sai dai a yi ta dariya ana nuni da hannu ana tara kwanoni. Gidan da nake ciki yanzu shiru ne da shi, ba abin da ake ji sai gurnanin na'urar sanyi, maƙwabcina ma ban san muryarsa ba.

Abu ɗaya ne Kaka ba ta nemo wa aiki, shi ne takarda mai rubutun Larabci. A garinsu duk inda aka ga irin wannan rubutu to na Allah ne, a ɗauka a sumbata a soke a wuri mai tsarki. Da wannan tarbiyya ta sauka a ƙasar da har kwalin ashana da Larabci aka rubuta shi. Da wata ce da ta saduda, ita kam ko kusa. Duk la'asar sai ta baje tarin takardun da muka tsinto ta zauna tana rabawa. Na buhun siminti da masu rubutun boko a ba Umma ta naɗe gyaɗar sayarwa, ko a hura wuta. Masu Larabci kuwa a zuba a wani buhu na musamman, in wata ya ƙare ta ɗauka a ka, ta tafi bakin teku, ta ɗaura masa dutse ta sake shi a ruwa da bismilla. Da na fara makaranta na koyi haɗa baƙi sai na ga na samu abin yi mata gori. Na ɗauki wata na ce, "Kaka, wannan fa tallar sabulu ce." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Baƙaƙen da aka rubuta sabulun da su, ba da su aka rubuta Fatiha ba? Sa a buhu, malama." Na sa.

Ni na fi kowa shan wahalar wannan aƙida. Buhun garin alkama shi ne yadinmu, a wanke a ɗinka riga. Sauran iyaye sukan juya rubutun ya koma baya ko ƙasa inda ba a gani, Kaka kuwa ta ce ba za a zauna a kan baƙi a gidanta ba, don haka ta yanka nawa yadda rubutun ya zo daidai ƙirji. Shekara guda cur ina yawo da sanarwa a gabana cewa ni gari ce mai laushi ta ajin farko. Yaran makaranta suka riƙa karanta ni da ƙarfi in na shigo. Na yi kuka a lokacin, yanzu kuwa in na tuna sai in yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya.

To a irin wannan gida ne Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasa inda zai ɓoye takardar filinmu sai cikin gwangwani. Takarda ce guda ɗaya, rubutun hannu, shaidar cewa ya sayi wurin daga wani tsohon Balarabe mai raƙuma, da sa hannun shaidu da tambarin umda, wato mai unguwa. Ita kaɗai ce abin da ya raba mu da 'yan share-wuri-zauna. Saboda laima da ɓera da awaki, Baba ya ninke ta ya sa a wani ɗan gwangwanin alewa mai murfi, ya cusa tsakanin azara da rufi, bai gaya wa kowa ba, har Umma. A tunaninsa ya yi dabara. Ya manta cewa a gidan uwarsa gwangwanin da ba ya aiki bai taɓa kwana biyu a zaune ba.

Ina da shekara tara ko goma. Umma tana ta mitar gishirinta yana jiƙewa, tana neman abu mai murfi. Ni kuma na hau tanaka zan sauko da burodin da aka shanya, hannuna ya taɓa wani abu a lungun rufi. Na jawo, ga gwangwani kyakkyawa da zanen fure, na girgiza na ji ba nauyi. Na buɗe na ga takarda ce kawai, sai na zazzage ta a kan tarin la'asar na Kaka, na ruga na kai wa Umma. Ta sa mini albarka. Ranar har ƙarin gyaɗa na samu, na kwana ina jin kaina 'yar da ta gaji kakarta. Baba kuwa yana fita da duhun asuba ya dawo a gajiye, bai taɓa kallon abin da ake ɗebo masa gishiri a ciki ba.

Watanni suka wuce. Wata Laraba sai ga mota ta nufo Tsibiri, abin da ba mu saba gani ba. Ba ta kai ba ƙasar gishirin nan ta kama ƙafafunta, mazan unguwa suka fita suka tura ta har tudu. Mai motar ya fito da farar riga, ya gode musu, sannan ya tambayi gidanmu. Ashe ɗan ɗan'uwan tsohon mai raƙuman ne, tsohon ya rasu, shi kuma ya ce bai san da wani ciniki ba, fili na gadonsu ne, mu kwashe gwangwanayenmu. Aka je gaban umda, wanda sabo ne, ba shi ya buga tambarin ba. Umda ya ce wa Baba magana ba ta da tsawo, ya kawo takarda ranar Asabar da safe, in babu to ba shi da bakin da zai tsaya masa. Baba ya dawo gida yana murmushi, har yana tsokanar Umma. Ya taka tanaka, ya miƙa hannu lungun rufi, ya lalube, ya sake lalubewa. Ina kallon murmushin nan yana gushewa daga fuskarsa.

"Akwai wani ɗan gwangwani a nan," in ji shi. "Mai fure."

Umma tana tsaye da shi a hannunta, za ta sa wa miya gishiri. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni. Ban jira an tambaye ni ba, na fashe da kuka na faɗi komai. Na so a ce Baba ya doke ni, da na samu sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya sauko, ya zauna a kan tanakar, ya ce, "A kan tarin Inna kika zuba?" Na ce e. Ya ce, "Tun yaushe?" Da muka lissafa, buhun Kaka ya je teku sau uku tun daga ranar. Ita kuma ba ta nan, ta tafi Hindawiya zaman jegon wata 'yar'uwarmu, sai Juma'a za ta dawo.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwana biyun nan ba. Na riƙa kallon bangon ɗakinmu, kowane gwangwani na san tarihinsa, wannan shi muka shuka tattasai a ciki, wancan shi ya ƙona ni yana murhu, ina tunanin ni ce na sa za a ɓamɓare su. Alhamis Baba bai je tasha ba. Muka zazzage buhun watan, takarda bayan takarda ina karantawa, tallar sabulu, tallar shayi, rabin jarida. Matan unguwa suka warware duk ƙullin gyaɗar da ke gidajensu ko an yi kuskure ta faɗa cikin na Umma. Mai ga-ruwa ya ce shi ya san daidai inda tsohuwa take sakin buhunta, ya tafi da maza biyu suka yi nutso, suka dawo da wani abu kamar kunu. Daga ƙarshe zargi ya koma kan babbar akuyarmu, wadda kowa ya san ta da cin kwali. Baba ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa tana tuƙa. Mai ga-ruwa ya ce, "Ya ammi, ko ka yanka ta, umda ba zai karanta tumbi ba." Aka yi dariya, har Baba, amma ni na ga idonsa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Kaka da ƙullin kayanta a ka, tana jan wata tsohuwar waya da ta tsinto a hanya. Ta tarar da gida kamar an yi rasuwa. Baba ya durƙusa ya gaya mata. Ta saurara tana kwance ƙullinta, sannan ta fara da abin da ya fi damunta.

"Kai da girmanka ka sa abu a gwangwani ka ce ka ɓoye? A gidan nan?"

"Na yi kuskure, Inna."

"Kuskure kam ka yi." Ta juyo gare ni. "Ke kuma malama mai karanta sabulu, da kika zazzage ba ki karanta ba?"

Na ce ban duba ba, gwangwanin nake so. Ta ce wannan kam ba laifi ba ne, gwangwanin mai kyau ne. Ta tambaye ni kamannin takardar. Na ce abin da na tuna, ba bugun inji ba ce, rubutun hannu ne da shuɗin tawada, a ƙasa akwai wani zagayayyen zane mai rubutu a cikinsa, da dangwalen yatsa biyu. Ina faɗa sai na ga hannun Kaka ya tsaya. A hankali ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar gida, mu ma muka bi idonta. Wata 'yar laya ce a rataye a ƙusa, baƙa, sabuwar ɗinki. Mun yi watanni muna wucewa ta ƙarƙashinta ba wanda ya tambaya, don Kaka ba ta rasa abin ratayawa.

Ashe da ta ga rubutun hannu da zane a ƙasa, irin wanda malaman garinsu suke yi, sai ta ce wannan ba na teku ba ne, wani bawan Allah ne ya yar da tsarinsa, Allah kuma ya kawo shi gidanta. Ta ninke ta ƙanana, ta naɗe da zaren bakin buhu, ta yanki fatar tsohon takalmin Baba ta ɗinke. Baba ya miƙe zai ciro, ta ce kada ya kuskura.

"Ba a buɗe laya. In aka buɗe ta tashi aiki."

"Inna, don Allah. Gobe Asabar."

"In kuma ba ita ba ce fa? Ka rasa takarda, ka rasa tsarin gida."

Aka yi ta ja. Baba mutum ne da zai iya ɗaukar buhu biyu a baya, amma bai iya tsallake maganar uwarsa ba, sai roƙo yake yi yana share gumi. Umma ce ta raba gardamar. Ta ce, "Inna, ki buɗe da hannunki, da bismillarki. Hannun da ya ɗinka ai ba baƙo ba ne a wurinta." Kaka ta yi nazari ta ga akwai magana a ciki. Ta sa aka ɗauko mata reza, ta bi ɗinkin zare bayan zare don kada fatar ta lalace, mu kuwa numfashi ma da ƙyar. Ta warware, ta miƙo mini, ta ce in karanta tunda ni ce malama. Na fara haɗa baƙi, layi na biyu sai ga sunan Baba.

Umma ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Baba ya zauna a ƙasa yana dariya hawaye na zuba. Ni na rungume Kaka na ƙi saki. Ita kaɗai ce ba ta yi mamaki ba. Ta bari hayaniya ta lafa, ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "To me na ce muku? Na ce tsarin gida ce. Ƙarya na yi?"

Baba ya ba mu labarin Asabar ya fi sau ɗari. Umda ya karɓi takarda, ya ga ninki ƙanana-ƙanana, ya shinshina ya ji warin fata, ya dubi Baba ta saman tabarau ya tambayi dalili. Baba ya san ƙasar da yake, ya san yadda ake kallon laya a nan, sai ya ce laima ce take damunmu. Ɗaya daga cikin shaidun yana raye, aka kira shi ya gane dangwalensa. Mai farar riga ya karanta, ya ce ɗayyib, wato shi ke nan, bai san da ita ba, ya ba Baba hannu. Ya biyo Baba har Tsibiri ya sha shayi a ƙoƙon gwangwani, da zai tafi motarsa ta sake kafewa aka sake tura shi. Da yamma Kaka ta karɓi takardarta ta mayar cikin fatar ta ɗinke, ta rataye inda take. Daga baya Baba ya gaya wa Umma cewa ya duba gidan kaf, nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai nemo wa abu wani aiki.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka cike ƙasar gishiri, gari ya zo ya haɗiye mu, Tsibiri ya zama lungu cikin lunguna, sunan kawai ya rage a bakin tsofaffi. Muka sauke gwangwani muka ɗora bulo, amma katakon ƙofar nan da ƙusarsa ba a taɓa su ba. Kaka ta tafi, Baba ya bi ta, Umma ma. A gidan na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana na aurar da su. Sai a 'yan shekarun nan aka zo aka yi jan rubutu a bangayen unguwannin kudu, namu ma ya samu, aka ce kowa ya tashi za a rushe. Wannan karon ba takardar da za ta tsayar da katafila, ban kuma yi tsammani ba. Ranar da muka kwashe kaya, mota ta cika har an tayar da ita, na ce wa ɗana ya sauka ya koma ya ciro mini abin da ke saman ƙofa. Da na sake bi ta wurin bayan wata biyu, fili ne fetal, ko tudun ban gane ba. Na yi kuka a cikin motar, ban ɓoye ba.

Shekaranjiya da hantsi, bayan rigimar gwangwanin madara, na ga jikar nan tawa tana ta satar kallona kamar tana son ta san abin da ke damun tsohuwa. Na kira ta, na ciro layar daga ƙasan akwatina, na warware ɗinkin Kaka zare bayan zare. Tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Na ce ta karanta mini, tunda ita Larabci a bakinta ya fi ruwa gudu. Ta karanta sunan Baba, ta zo kan iyakokin fili. Gabas, gidan mai ɗinkin takalman taya. Yamma, hanyar mai ga-ruwa. Arewa, garken awakin wata bazawara. Kudu, ƙasar gishiri. Na rufe ido, ga su nan duk a tsaye inda na bar su, har bugun gudumar mai takalma na ji. Ta ce, "Sitti, fen hada? Ina ne wurin?" Na ce yana hannunta, ta riƙe da kyau, ba sauran wani wuri da yake.

Ta tashi da sauri ta ɗauko gwangwanin madarar nan daga taga, ta ce mu sa a ciki kada ta lalace. Na yi dariya har na ƙware. Na ce kakan ubanta ya gwada wannan dabarar, ta kawo allura kawai. Ita ta zura mini zaren, don idona ya daina ganin kafar allura, na ɗinke a kan ramukan da Kaka ta huda. Ɗana ya shigo ya tarar da 'yarsa a kan kujera tana kafa ƙusa a saman ƙofa, ya ɓata rai ya ce shi fa ba ya son laya a gidansa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, takardar fili ce. Kaka ta rantse laya ce, ni na rantse ba laya ba ce, kuma a wuri ɗaya muka rataye ta.